Ranar da Kawu Ya Tumɓuke Tiyoyin Motar Baba

Baba, wata huɗu motarka ta yi a ƙofar gida, daidai inda ka bar ta, da dutsen nan a gaban tayarta. Ganye ya taru a gindin gilashin gaba har ya fara zama ƙasa. In aka yi ruwa, ɗigon indararo yakan sauka a rufinta ɗaya-ɗaya, kamar yadda kake ƙwanƙwasa sitiyari da zobe in kana jiran Mama ta gama shiri. Amma ba wannan na zauna in rubuta maka ba. Labarin Kawu ne, kuma na san da kana nan sai an ɗebo maka ruwa saboda dariya.

Kawu dai yana nan yadda ka bar shi. Ƙanin Mama da ya zo mana kwana uku, ga shi a shekara ta shida yana ɗakin ƙofar gida. A bakinsa babu sana'ar da bai yi ba. Ya tuƙa jirgin ruwa, ya ɗora wa doki karaya, ya gyara agogon hasumiya yana rataye da hannu guda. Abin da ya rage kawai shi ne a samu wanda ya gani.

Ranar Laraba Mama ta aika aka kira Bakanike, abokin nan naka mai gareji a bayan kasuwa. Ya zo da batir a kafaɗa, ya tayar da motar, ya ɗaga bonet ya kara kunne. Injin yana aiki, amma daga can cikinsa wani siririn huci ke fita, kamar an taka wa maciji wutsiya.

"Tiyoyin iska ne suka tsufa," in ji shi. Ya lanƙwasa ɗaya da yatsa, ya tsage kamar busasshen ganye. "Irin motar nan da zuƙar iska take rabin aikinta. Ta cikin 'yan robobin nan birki ke samun ƙarfi, da su take kulle ƙofofi, da su take juya iskar zafi da ta sanyi, da su kuma take..."

"Mun sani, mun sani," Kawu ya katse shi daga bakin ƙofa, yana sakace haƙori.

Mama ta ce tunda babu mai tuƙi a gidan, Bakanike ya dawo ranar Asabar ya ja ta, ya gyara, ya nemo mata wanda zai riƙe ta da mutunci. Kawu ya tofar da tsinken bakinsa.

"Yaya, ina raye a gidan nan za a ɗaura wa motar maigida igiya a ja ta kamar akuya?"

"Kai ka iya tuƙi ne?"

"Ni kike tambaya? Kuma me ake magana a kai, roba ce fa. Ni da na canja wa jirgi hanji gaba ɗaya a tsakiyar teku."

"Bara a kogi ka ce."

"Muna cikin aikin kogin ya shiga teku."

Mama ta yi masa irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi. Sannan ta ce, "To. Ƙarfe huɗu ranar Asabar zai zo da igiyarsa. In kafin nan ka gyara ta, ka zaga da ita shataletalen ƙasan layi, ka dawo ka tsayar da ita inda mai ita ke tsayarwa, makulli naka ne. In ba haka ba, za a ja ta kana kallo, kuma kada in sake jin bakinka."

Bakanike ya bar batir ɗin a ciki. Da zai tafi ya tsaya ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka, Kawun yara. Ɗaya bayan ɗaya. Ka cire tsoho, ka auna sabo da shi, ka sa, sannan ka taɓa na gaba."

"Haka ake koya wa sababbin shiga, na sani," in ji Kawu. "Mu da muka daɗe a harkar mun wuce nan."

Kafin yammacin Alhamis babu wanda bai ji ba a layin. Kawu ya yi wa matar kantin magani alkawarin zai riƙa ɗauko mata kaya daga cikin gari. Ya gaya wa mai wanki ya fara sa wa rigunansa sitati, don mai mota ba ya fita a yamutse. Kekensa kuwa, wanda shi ne kaɗai abin da ya mallaka mai taya, ya tura shi tsallaken titi ya jingine a shagon Mai Aski.

"Riƙe, na ba ka. Mutum ba ya haɗa mota da keke, raini yake jawowa."

"Ka bari ka ga makullin a hannunka mana," in ji Mai Aski.

"Makulli yana hannuna tun ranar Laraba. Ajiya kawai na ba Yaya."

Ranar Juma'a ya je kasuwa ya dawo da naɗin tiyo guda, siriri, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai kantin ya tambaye shi wane kauri da wane kauri yake so, ya ce masa roba ai miƙewa take yi.

Asabar da hantsi ya fito cikin rigar aikinka mai ruwan toka, wadda maɓallanta uku suka ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Ya ɗauko babban farantin Mama ya jera filaya da sufana da sukundireba kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Ya fara da share cikin motar, don a ganinsa gwani da tsabta ake gane shi. Ya fitar da tabarmin ƙafa, da tsohon tawul, da hannun murɗa gilashi, wannan guda ɗayan da tagogi huɗu suke karɓa-karɓa da shi tun da sauran ukun suka karye. Shi ma ya ɗora shi a kan faranti. Sannan ya ɗaga bonet.

Mai Aski ba shi da kai a gabansa a lokacin, sai ya jawo benci ya tsallako. Matar kantin magani ta fito bakin ƙofarta ta naɗe hannu.

Tiyoyin suna nan birjik, sun bi ta kan inji, sun kurɗa ta ƙarƙashi, wasu sun shige bango sun nufi cikin mota. A bakin kowanne an ɗaura ɗan zare, ja ko kore ko ruwan ɗorawa ko shuɗi, kuma a jikin ƙarfen da tiyon ya shiga akwai zare mai launi irin nasa. Kawu ya yatsine fuska.

"Dubi ƙazanta. Inji ne wannan ko ƙarƙashin keken ɗinki? Mai Aski, ara mini almakashinka."

"Anya ba alama ba ce marigayi ya yi?" in ji Mai Aski.

"Alama tana nan." Kawu ya ƙwanƙwasa goshinsa. Ya bi zaren nan ɗaya-ɗaya ya datse, ya hure su ƙasa.

"To ka bari in ɗauki hoton injin a waya kafin ka cire komai. Ko Bakanike haka yake yi."

Kalmar hoto ta yi wa Kawu daɗi. Ya gyara hula, ya tsaya a gaban injin, ya rungume sufana a ƙirji, ya buɗe kafaɗu.

"Matsa mana."

"Ɗauka kawai. Aiki da mai aiki ake son gani."

Daga nan ya zuba hannu biyu cikin inji kamar mai cire ciyawa a gona. Tiyon da ya zo da sauƙi ya fizge, wanda ya yi gardama ya murɗe. Wani mai kauri da ya nufi wajen birki ya ƙi sam, sai ya sa masa wuƙa, ya yanka shi gida uku don ya koya masa hankali. Cikin minti goma ya tara guda goma sha ɗaya a ƙasa, ya ture su da ƙafa zuwa cikin kwata.

"Wannan shi ne aikin da za a ja mota gareji dominsa," ya gaya wa matar kantin magani. "Kin gani ko? Ko gumi ban yi ba."

Ya yanko sabon tiyo, ya juya ga injin, ya tsaya.

Ɗazu da tiyoyi a jiki, abin a fili yake kamar hanyar gida. Yanzu 'yan bakunan ƙarfe ne da na roba ko'ina, sun fi ashirin, duk sun buɗe suna kallonsa, kuma duk kamarsu ɗaya. Ya sa yatsa a kan ɗaya, ya bi iska da shi zuwa wani, ya dawo. Ya ƙwanƙwasa goshin nan da alama take ciki, bai ji an amsa ba.

"Ya dai, injiniya?" in ji Mai Aski.

"Ina ba injin lokaci ya sha iska. Kawo hoton nan in duba wani abu."

Mai Aski ya miƙa waya. Kawu ne daga hula har gwiwa, ya cika hoton taf. Ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu ana hango gefen batir.

Kawu ya daɗe yana kallo. "Ya yi kyau dai," in ji shi. "Ka tura mini."

Sai ya ƙirƙiro ƙa'idarsa: kowane baki a haɗa shi da wanda ya fi kusa da shi, don ba yadda za a yi masu ƙera mota su tsallake maƙwabci su tafi nesa. Ya fara yanka yana cusawa. Inda bakin ya fi tiyon kauri, ya aika aka karɓo butar shayin Mama ya tsoma roba a ruwan zafi, ya ƙona yatsu biyu, ya ce da gangan ya yi don jini ya motsa. Inda tiyon ya yi wa baki yawa, ya naɗe da waya. Wajen birki kuwa bakin ya kai kaurin babban yatsa, sabon tiyon kuma bai fi tsinken tsintsiya uku ba. Ya zura siririn cikin ramin, ya tsallaka kantin magani.

"Hajiya, ba ni filasta."

"Yatsun ne?"

"Birki."

Ta ba shi, ta biyo shi don ta gani da idonta. Ya naɗe wurin da filasta har ya yi kama da ƙafar wanda ya faɗo daga babur. Wajen azahar tiyo ya ƙare, saura bakuna biyar. Ya sake tsallakawa.

"Robar ƙarin ruwa fa, akwai?"

"Ta marasa lafiya ce."

"To wannan lafiya gare ta?"

Da robar ƙarin ruwa ya rufe huɗu. Saura ɗaya, shi kaɗai, a bayan inji. A aljihunsa kuma akwai wani ɗan abu mai baki uku kamar ƙafar kaza, wanda ya faɗo tun da safe bai san daga ina ba.

"Tiyo baki biyu gare shi," in ji Mai Aski. "Ya aka yi ɗaya ya rage maka?"

"Na ajiya ne. Kowace mota da shi take zuwa, ko da wani zai toshe." Ya zare murfin biro daga aljihun Mai Aski ya toshe bakin da shi.

A lokacin ne Mama ta fito neman butarta, da tef ɗin awo a wuya. Ba ta kalli injin ba. Ƙasa ta kalla, inda guntayen zare suke warwatse cikin ƙura. Ta sunkuya ta ɗauki wani kore, ta murza shi a yatsu.

"Shekara ashirin da biyu maigida yana riƙe tiyo ina ɗaura zaren nan," ta ce.

"Ai na rage miki aiki, Yaya."

Ta ɗauki buta ta koma ciki. Ba a daɗe ba aka ji keken ɗinki ya tashi da gudun da ya fi na kullum.

Ƙarfe uku da rabi Kawu ya rufe bonet, ya wanke hannu, ya sa riga mai sitati. Mama ta aiko da makulli ba ta fito ba. Mutanen layi sun taru, har mai wanki ya bar guga. Kawu ya shiga, ya yi bismilla da ƙarfi don na baya su ji, ya murɗa. Injin ya yi tari biyu ya kama, da ƙarar nan tasa mai kauri, gar-gar-gar.

Shi kansa Kawu sai da ya firgita. Nan da nan ya gyara fuska, ya zuro ƙafa ɗaya waje.

"Ina masu cewa? Ku matso ku kara kunne. Akwai huci?"

Akwai huci, har ya fi na da, amma ƙarar injin da tafin yara sun rufe shi.

"Mai Aski, shigo gaba. Yau za ka san bambancin mota da keke."

Mai Aski ya yi jim, ya dubi jama'a, kunya ta tura shi ciki. Mai wanki ya janye dutsen gaban taya. Kawu ya ja ƙofa, ya kama sandar giya, don motar irin mai canja giya da kanta ce, ya ja sandar zuwa giyar tafiya. Motar ta yi wani harbi kamar jaki, kawunansu biyu suka bugi kujera suka dawo. A daidai lokacin 'yan sandunan kulle ƙofa guda huɗu suka nutse tare, ƙwas.

"Me ke nan?" in ji Mai Aski.

"Tsaro ne na ƙara mata. Ba kowace mota ke da shi ba."

Mai Aski ya ja na gefensa sama. Yana saki ya koma ƙasa. Ya sake ja, ya sake komawa, a hankali, kamar mai cewa zauna dai.

Suka gangara. Layin namu ka san ba a miƙe yake ba, yana zuba ne zuwa shataletale. Ba su wuce gida uku ba sai iska ta fara bulbulowa daga ramukan gaba, mai zafi kamar an buɗe murhun gasa burodi. Kawu ya murɗa abin sanyi, zafin ya ƙaru. Ya mayar, zafin ya koma ƙafafunsu.

"Sauke gilashi. Ina hannun yake?"

Kawu ya laluba gefen kujera, ya laluba aljihu, ya ci karo da ƙafar kaza. Sai ya tuna da faranti.

"Iskar waje ba ta da kyau ga sabon aiki," ya ce.

"To rage gudu, ga kwana."

Kawu ya taka birki. Birkin ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa dutse a wurin. Ya ƙara ƙarfi, ya haɗa ƙafa biyu, ya kama sitiyari ya miƙe tsaye har hularsa ta lotse a rufi. Motar ta ɗan yi kamar za ta saurara, sai ta fasa. Birkin hannu kuwa ya daɗe da yin ritaya, shi ya sa dutse ke aikinsa.

"Birki ya kama?"

"Yana kan hanya."

"Fitar da ita daga giya."

"Kada ka koya mini tuƙi. Ni ina koya maka aski?"

Allah ya taimake su shataletalen a shimfiɗe yake, kuma babu manyan motoci a lokacin. Suka shiga da gudun da mai keke zai iya wuce su yana cin gyaɗa, amma gudu ne da ba shi da niyyar ƙarewa. Kawu ya karya sitiyari suka zaga. Da suka zo mashigar layinmu sai ya hango hawa da yara a tsakiyar titi suna jiransa, ya tuna ba shi da abin tsayawa, ya sake zagawa. A zagaye na uku masu shaguna suka fara fitowa. Kawu ya ɗaga musu hannu ta cikin gilashi, gumi yana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Murmushi za ka yi," ya ce ta gefen baki. "Su ɗauka gwaji ne."

"In na fita da raina zan mayar maka da kekenka, har da sabuwar ƙararrawa."

"Riƙe abinka. Ni ba na kyauta in karɓe."

A zagaye na biyar yaran layi suka iso suna bin su da ƙafa, suna ƙirgawa da ƙarfi. A na bakwai wani mai lemo ya jera da tagar Kawu yana tafiya yana nuna masa kwalba mai sanyi. Rigar sitati ta manne a jiki kamar an tsamo ta daga baho.

"Kashe ta mana, bawan Allah. Kashe injin," in ji Mai Aski.

Wannan shawarar Kawu ya karɓa, don dama yana gab da tuna ta da kansa. Ya murɗa makulli baya. Fitilun gaban sitiyari suka mutu. Injin ya ci gaba, gar-gar-gar, ko a jikinsa.

Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ya zare makullin ɗungurungum ya ɗaga shi a gaban idon Mai Aski, don a shaida shi dai ya yi nasa. Yana zarewa sitiyari ya yi ƙat ya kulle, motar ta bar kwana ta miƙe.

A gabansu shagon Mai Katifa ne, wanda ke jingine katifu a bango tun daga ƙasa har kusan rufi. Tafiyar motar ta ba shi isasshen lokacin da zai ajiye kofin shayinsa, ya fito, ya tsaya a gaba yana kora ta da hannu biyu.

"Ba nan ba. Ku yi can. Malam, ba nan ba, na ce."

Da ya ga ba ta jin magana sai ya yi tsalle gefe. Motar ta cusa hanci cikin katifu a hankali, kamar mai neman wurin kwanciya. Na sama suka yi tangaɗi, suka zubo ɗaya a kan ɗaya suka rufe gilashin gaba. Mai Aski ya kai hannu ya ture sandar giya da kansa. Motar ta daina turawa. Injin bai daina ba.

Kafin a janye katifun, shataletale ya cika. Kowa da maganinsa. Wani ya ce a fasa gilashi, Kawu ya manna fuska a taga yana girgiza kai, don har yanzu a ransa motarsa ce. Wani ya cusa tsumma a bututun hayaƙi, tsumman ya fito kamar harsashi ya sami mai lemo a ƙirji. Matar kantin magani ta iso da haki, ta leƙa, ta ce in aka ƙara minti goma za ta buƙaci robarta ta ƙarin ruwa, ga shi kuma tana cikin inji.

Ƙarfe huɗu daidai Bakanike ya tsaya da motarsa, igiya a kafaɗa. Ya kalli katifu, ya kalli mutum biyu da suka dahu a cikin gilashi, ya jingina da bango yana dariyar da ba ta da sauti. Da ya samu numfashi ya nufi gaban motar, sai ya hango Mama, ya ja baya ya ba ta hanya.

Da ƙafa ta gangaro, ba ta sauri, tef ɗin awo yana wuyanta, allura biyu a soke a gefen mayafi. Jama'a suka dare. Ta ƙwanƙwasa tagar Kawu da ɗan yatsa.

"Ja abin buɗe bonet."

"Yaya, bari in yi miki bayani. Abin da ya faru..."

"Ba na jin ka. Ja."

Ya ja. Bakanike ya ɗaga mata murfin. Ta dubi filasta, ta dubi robar ƙarin ruwa da ta shanye ta manne kamar taliya, ta dubi murfin biro. Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu gefen inji inda wani ɗan ƙarfe yake mai ɗigon jan fenti, ta danna shi da babban yatsa ta riƙe.

Injin ya yi gar, gar, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru.

"Iskar nan ce ke kashe ta," Mama ta gaya wa Bakanike, tana goge yatsa da gefen zane. "In tiyon ya zame, nan ake dannawa. Sau nawa na fito da dare ko da rana na danna wa maigida, yana zaune a ciki yana mini dariya."

"Abin da na so in faɗa ke nan ranar Laraba," in ji Bakanike.

Da injin ya mutu, zuƙar ta saki ƙofofi. Mai Aski ya fara fitowa, ya zauna a kan katifa yana shaƙar iska da baki. Kawu ya fito a bayansa, ruwa na bin ƙafar wandonsa, hula a lotse. Ya dubi jama'a, ya gyara murya.

"Amma dai kun shaida. Motar da ake cewa ta tsufa, yau an zare makulli ta ƙi tsayawa. Wannan ƙarfin ba da shi ta zo ba."

Mama ta miƙa tafin hannu. Kawu ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce ai sharaɗin a zaga shataletale ne sau ɗaya, shi kuwa sau tara ya zaga. Hannun bai motsa ba. Ya ajiye makullin a ciki, ita kuma ta miƙa wa Bakanike.

Aka ɗaura igiya. Mai Katifa ya riƙe Kawu ta hannun riga ya ce babu inda za shi sai ya mayar da kowace katifa inda ya same ta. Haka aka ja motar ta wuce ta gabansa yana ɗauke da katifa mai cin mutum biyu a ka, yana gaya wa yaran da suka kewaye shi cewa ba haka ake jera su ba a babban kamfanin da ya taɓa shugabanta.

Ni ina cikin taron, Baba, a bayan mai lemo. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, karo na farko tun da aka fita da kai. Amma tun daga lokacin da motar ta gangara nake jin ƙarar nan tana nisa tana dawowa, tana nisa tana dawowa, irin wadda in muka ji daga ƙasan layi muke tashi mu buɗe ƙofa. Kowa a wurin yana neman yadda za a yi ta yi shiru. Ni kuwa da na hango Mama tana gangarowa, roƙo nake a raina ta rage sauri. Wannan ban gaya wa kowa ba tukuna.